Itace biyu masu ƙirga kwanaki: jawabin malami a Bande

A makarantar yaƙi da jahilci ta Bande, cikin ƙasar Magarya, malami ya yi wa ɗalibai jawabi a kan ƙirgan kwanaki. Ga abin da ya faɗa.

Ya ce: Ƴan uwa, maza da mata, mantuwa tana ja mana asara. An yi wa jariri allurar rigakafi, likita ya ce a komo bayan sati 4, wato kwana 28. Uwa ta ɓata lissafi, rana ta wuce. Kaza ta kwanta a kan ƙwai, kwana 21 take yi. Wanda bai ƙirga ba, bai san ranar ƙyanƙyasa ba.

Sai ya fito da guntayen itace biyu, kowane da fuska 6 daidai wa daida. Ya ce a rubuta lamba ɗaya a kowace fuska. In an jera su biyu, su nuna kowace rana, daga 31 har zuwa 01. Waɗanne lambobi za a rubuta?

Ya ce a bi sannu. Akwai 11, akwai 22. Don haka kowane itace sai ya samu 1 da 2. Sifiri kuma fa? Ana bukatar 01, 02, har 09. Lambobi 9 ke nan, itace ɗaya ba ya ɗaukar su duka. Dole su rabu biyu, sifiri kuwa ya zauna a kan kowane itace. Fuska 6 sun tafi, saura 6.

Amma lambobin da suka rage 7 ne: 3, 4, 5, 6, 7, 8, 9. Baƙi 7, tabarma 6. Ina dabara?

Aji ya yi tsit. Sai malami ya rubuta 6 a kan allo, ya juya allon kai ƙasa. Ga 9 ta fito! Fuska ɗaya ta yi aikin biyu.

Ga amsar:
Itace na fari: 0, 1, 2, 3, 4, 5.
Itace na biyu: 0, 1, 2, 6, 7, 8.

Ya ce wannan wasa ya zaga duniya. Wani masanin wasannin lissafi na Amurka, Martin Gardner, ya sa shi cikin littafinsa a 1979. Masu karatun allo ma ba a bar su baya ba. A lambobin Larabci 6 ba ta zama 9, amma in an juya ٧, wato 7, sai ta zama ٨, wato 8. Lissafin ya sake fita daidai.

Ya ƙara da gargaɗi. Itacen nan suna kai wa 32, ba sa nuna 33, don 3 guda ce tak. Wa'adin da ya fi haka sai a raba shi wata wata.

A ƙarshe ya ce kowa ya je wurin masassaƙi, ko ya gina nasa da yumɓu. Ranar allura uwa ta jera 28. Kowace safiya ta rage ɗaya. Ranar da ta ga 00, ta goya yaro sai likita.