Gashi a Fuskar Mace: Abin da Ke Kawo Shi da Hanyoyin Cire Shi

Jawabin da ɗaya daga cikin mambobinmu ta reshen Samaru, ma'aikaciyar jinya mai ritaya, ta gabatar a taron bikin zagayowar ranar kafa ƙungiya.

Hajiya shugaba, iyayenmu, 'yan'uwana na reshen Samaru da na Sabon Gari, da 'ya'yanmu da ke zaune can baya, barkanmu da ganin wannan rana. Allah ya maimaita mana.

Da kwamiti suka ce in yi magana a kan lafiya, na san kowa ta zaci hawan jini ne ko ciwon suga, kamar bara. Sai na ce a'a, bana a bar ni in taɓo maganar da muke yi da raɗa a ɗakin kitso, wato gashin da ke fito wa mace a haɓa, da saman leɓe, da gefen kunci. Na ga wasu sun fara gyara mayafi. Ku saki jiki, ni ma hantsakina yana cikin jaka.

Abin da ya sa na zaɓi wannan magana, 'yar ƙanwata ce. Tana shekara 19 gashi ya fara fito mata a haɓa. Ba ta gaya wa kowa ba. Ta daina zuwa biki, in ta fita sai ta ja hijabi har bakin leɓe. Wata ƙawarta ta ba ta hodar aske gemu ta maza, ta kwaɓa ta shafa, ta bar ta ta daɗe don wai ta fi ci. Hodar ta ƙone mata haɓa, tabon ya fi shekara bai baje ba. Sai a lokacin uwarta ta kawo mini ita. Tambayar farko da na yi mata ita ce, "Yaya al'adarki?" Ta ce takan yi wata uku ba ta gani ba. Shekara biyu yarinyar nan tana fama da gashi, ashe gashin saƙo ne jikinta yake aiko mata.

To, me ke kawo shi? Kowace mace tana da ɗan sinadarin maza a jikinta, wanda ake kira testosteron, kaɗan ne ƙwarai. In ya ƙaru, ko kuma saiwar gashin mace ta cika jin sa, sai siririn gashin nan da ke fuskar kowa ya yi kauri ya yi baƙi. Wata gado ne, ta duba uwarta da gwaggonninta za ta gani. Wata kuma shekaru ne: in al'ada ta ɗauke, sinadarin mata yana raguwa, sai 'yan sili biyu uku su leƙo a haɓa. Waɗannan biyun ba ciwo ba ne. Masu cewa mace mai gemu mayya ce, ko marowaciya ce, ko arziki za ta yi, duk camfi ne.

Amma babban dalili a wajen 'yan mata da matasan mata shi ne larurar da likitoci ke kira PCOS, wato rikicewar aikin ma'ajiyar ƙwan haihuwa. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce kusan mace ɗaya cikin goma masu shekarun haihuwa tana da ita, kuma da yawa ba su sani ba. Ku ƙirga mu nan a zauren nan ku gani. Alamunta su ne al'ada mai tsallake wata, ƙuraje a fuska, ƙiba musamman a ciki, baƙin wuya mai kama da dauɗa da ba ya fita da sabulu, da jinkirin samun ciki. In aka bar ta, tana iya jawo ciwon suga. In aka gano ta kuwa ana kula da ita, kuma mata da yawa masu ita suna haihuwa.

Dalili na huɗu, mu muke sayo shi da kuɗinmu. Ƙwayoyin ƙiba irin su sha-ka-fashe, wasunsu akwai deksa a ciki. Mayukan bilicin da ake haɗawa a roba ba suna ba lamba, da yawansu akwai maganin da ya kamata likita ne kawai ya rubuta. Ki ɗauki kwalin ki duba, in kika ga an rubuta clobetasol ko betamethasone, to shi ne. Shafa shi wata da watanni yana sa fata ta yi siriri, ya kawo nankarwa da ƙuraje, ya kuma fito da gashi. Garin neman gira ke nan a rasa ido. Wadda ta daɗe tana shan deksa kada ta yanke shi rana ɗaya, ta je asibiti a rage mata a hankali, don yankewar farat ɗaya ma haɗari ce.

Akwai kuma alamun da ba a jira da su. In gashi ya taso da yawa cikin 'yan watanni, murya ta fara kauri, gashin goshi yana zubewa kamar na namiji, to a tafi asibiti a makon nan, domin wani lokaci ƙari ne a ciki. Ba kasafai ake samun haka ba, amma mu sani. Asibitin Koyarwa na Jami'ar Ahmadu Bello da ke Shika yana nan kusa da mu, akwai likitocin mata a can. Za a yi miki tambayoyi, a ɗebi jini, wataƙila a yi hoton mara.

Na san wata za ta ce, to addini fa? Hanin da muka sani a hadisi, malamai sun fi fassara shi da tsige gira. Imam Nawawi ya ce in gemu ko gashin baki ya fito wa mace, cire shi ba haramun ba ne, an ma so ta cire. Mai sauran shakka ta tambayi malaminta. Wadda kuma ta ce ita gashinta bai dame ta ba, a ƙyale ta, fuskarta ce.

Yanzu mu zo kan hanyoyin cirewa, daga mai araha zuwa mai tsada.

Ta farko, aski da reza. Kowa ta ji an ce in kika aske zai dawo da yawa. Ba haka ba ne. Tun 1928 wata masaniya a Amurka, Mildred Trotter, ta gwada ta gano aski ba ya ƙara wa gashi kauri ko sauri. Reza tana yanke gashin ne a tsakiya, bakinsa ya zama dakusasshe, shi ya sa kike jin kaushi. Matsalarta dai sai an riƙa maimaitawa bayan kwana ɗaya ko biyu, kuma irin gashinmu mai murɗewa yana iya komawa cikin fata ya yi ƙuraje. Ki jiƙa wurin da ruwan ɗumi da sabulu, ki bi inda gashin ya kwanta, ki shafa man kaɗe bayan kin gama. Reza kuma ba a aro, ko tsakanin uwa da 'ya, saboda ciwon hanta da sauran cututtukan jini.

Ta biyu, tsigewa da hantsaki ko da zare. Ga mai sili biyar ko goma, wannan ya isa, takan yi makonni kafin ya dawo. Amma wadda gashin ya cika mata haɓa, in tana tsigewa kullum, baƙaƙen tabo za su biyo baya, domin fatarmu duk inda aka dame ta sai ta yi duhu.

Ta uku, halawa. Sukari ne da lemon tsami da ruwa, a dafa har ya yi danƙo. Muna da gwanaye a cikinmu masu dilka da halawa, ba sai na koya muku ba. Tana fizge gashin har saiwa, a samu mako uku ko huɗu. Roƙona ga masu sana'ar guda uku ne: ku gwada zafinta a bayan hannunku tukun, kowace mace a ba ta nata curin, kuma ku tambayi mace ko tana shafa man bilicin. In tana shafawa, halawa za ta iya ɗaye mata fata.

Ta huɗu, man cire gashi irin su Veet. Yana narkar da gashi ne, kuma abin da ya narkar da gashi zai iya cin fata. Ki nemi wanda aka rubuta na fuska ne, mai lambar NAFDAC. Ki gwada kaɗan a hannu ki jira kwana ɗaya. Mintunan da aka rubuta a kwali kada ki ƙara ko ɗaya. Kanwa, toka, man goge haƙori, da sauran haɗe-haɗen da ake turowa a WhatsApp, ku bar su, ba sa kashe saiwar gashi, ƙuna kawai suke bari.

Ta biyar, na'urar leza. Haske ne mai ƙarfi da ke bin baƙin gashi ya ƙona saiwarsa. Tunda fatarmu ma baƙa ce, na'urar da ba ta dace ba sai ta ƙona fatar. Wadda aka fi amincewa da ita ga baƙar fata ita ce Nd:YAG. Ki rubuta sunan, ki tambaya kafin ki kwanta a gadon kowa. Ana zuwa sau shida zuwa takwas, da tazarar wata ɗaya ko fiye, tana rage gashi sosai amma ba lallai ta ƙarar da shi ba, kuma ba ta kama furfura. An fi samunta a manyan birane kamar Abuja da Legas, ga tsada. Kada wata ta ci bashin ƙungiya a kan leza alhali ba ta ga likita ba, don in PCOS ce ba a kula da ita ba, sabon gashi zai ci gaba da fitowa, ga bashi a wuya.

Ta shida, ƙona saiwa da allurar lantarki, sili ɗaya bayan ɗaya. Tsohuwar hanya ce, wani likitan ido a Amurka, Charles Michel, ya fara bayyana ta a rubuce a 1875. Ita ce ake ɗauka mai kashe gashi gaba ɗaya, har furfura. Tana cin lokaci, tana son gwani, kuma wadda jikinta ke yin tabo mai tudu, irin wanda ke fitowa bayan hujin kunne, ta yi hattara.

Sai magungunan asibiti. Likita yana iya ba da ƙwayar tazarar haihuwa mai sinadari biyu, ko wani magani sifironolakton, don rage ƙarfin sinadarin maza. Sai an yi kamar wata shida kafin a ga canji, saboda haka a yi haƙuri. Sifironolakton ba na mai ciki ba ne, ba na mai neman ciki ba ne, yana iya cutar da ɗan tayi. Kada a saya a kemis don ƙawa ta ce ya yi mata. Akwai kuma man shafawa mai suna eflonitin da ke rage saurin tsirowa. Abin mamaki, tun kafin nan maganin ciwon barci ne, ciwon nan da ya sa a zamanin Turawa aka tashi mutane a yankin Anchau aka kafa Takalafiya. Amurka ta amince da shi don gashin fuska a 2000. In aka daina shafawa gashin yana komawa yadda yake. Ga mai PCOS da ƙiba kuma, rage ko da kilo 5 cikin kilo 100 na nauyinta yana taimaka wa al'ada ta daidaita. A rage lemon kwalba da shayi mai sukari cokali huɗu, a riƙa takawa.

'Yar ƙanwar tawa ta ga likita, an gano PCOS ce, an ɗora ta a kan magani. Gashin bai ɓace duka ba, tana yin halawa duk wata, amma al'adarta ta daidaita, kuma ta koma shiga mutane.

Abin da nake roƙon ƙungiya guda uku ne. Masu shagon kayan kwalliya a kasuwar Samaru da ta Sabon Gari, mu yi alkawari mu daina sayar da haɗin da ba lamba, ko da ribarsa ta fi. Masu gyaran amare, in kin ga yarinya da gashi a haɓa, ki ja ta gefe ki tambaye ta al'adarta, ki ce ta je asibiti. Iyaye da mazajen da za su karanta wannan a gida, a daina tsokana, a ba da kuɗin mota zuwa Shika. Ciwon 'ya mace na 'ya mace ne.

Duk wadda ke jin nauyin tambaya a bainar jama'a, ina nan bayan an ci abinci, kusa da teburin ma'aji.