Lasifika Shida, Magana Biyu

Jawabin da aka yi wa ɗalibai da ƙananan ma'aikata a Kambarawa, cikin birnin Katsina



Abin da aka nemi mu yi magana a kansa yau, wani zai ga bai kai a tara masu ilmi dominsa ba, watau yadda za a sami sautin kewaye daga wasannin kwamfuta ta cikin kayan sautin nan na ɗaki da 'yan kasuwa ke kira hom tiyata. Amma in mun lura, gidajen gem sun zama ruwan dare a unguwanninmu, kuma ƙaramin ma'aikaci in ya fara karɓar albashi, bayan katifa da talabijin, galibi abin da ransa ke raya masa ke nan. Yakan tara kuɗin wata da watanni, ya sayo akwati mai lasifika shida, ya jera su a ɗaki, ya haɗa da kwamfuta ko PlayStation, ya ji ƙara ta cika ɗakin, ya ce bukata ta biya. Alhali kuwa sau da yawa magana biyu kurum yake ji, ta hagu da ta dama, an raba wa baki shida suna maimaitawa. Ya biya kuɗin shida, an ba shi biyu, kuma ba wanda ya gaya masa. Dalilin wannan hasara shi ne za mu bi diddiginsa.

Bari mu fara da kunne, domin shi ne ake yi wa hidimar duka. Duk wanda ya taɓa tsayawa a Ƙofar Soro ranar hawan Salla, ko ya rufe idonsa ya san tambari na gabansa, algaita na hagunsa, 'yan bindiga kuwa sun ɓullo ta bayansa. Yaya aka yi ya sani? Sauti yana tafiyar wajen mita 343 cikin daƙiƙa guda. In ya taso daga dama, sai ya riga isa kunnen dama, da tazarar da ba ta kai kashi ɗaya cikin dubu na daƙiƙa ba, sa'an nan kan mutum ya tare shi, ya isa kunnen hagu da ɗan rauni. Da wannan 'yar tazara da wannan ɗan rauni ƙwaƙwalwa ke gane inda abu yake. Wani masani Bature, Lord Rayleigh, ya bayyana haka tun cikin 1907, ko da yake mafarautanmu sun daɗe suna aiki da shi a dawa ba tare da sun sa masa suna ba.

A wasan ƙwallo, irin FIFA da aka sake wa suna EA Sports FC cikin 2023, sautin kewaye ado ne, ihun 'yan kallo ne ke lulluɓe mutum. A wasannin yaƙi kuwa, irin su Call of Duty, labari ne. Takun abokin gaba da ke lallaɓowa ta baya ba ya bisa allo, a kunne kaɗai yake. Hausawa na cewa gani ya kori ji, to, a nan ji ne ke riga gani, kuma wanda lasifikunsa na baya ke maimaita abin da na gaba suka faɗa, ba shi da bambanci da mai gadin da aka toshe wa kunne guda.

Tarihin abin ba mu daɗe a kansa ba. Alan Blumlein ya yi rajistar dabarar sitiriyo, watau sauti mai hanya biyu, a Ingila cikin 1931. Kamfanin Dolby ya shigo da hanya shida gidajen silima cikin 1992, DTS ya biyo baya cikin 1993 da fim ɗin Jurassic Park. Tsarin da ake rubutawa 5.1 ke nan: hagu, dama, tsakiya, biyu a gefe ta baya, sa'an nan wufa, wadda aikinta rugugi kaɗai. Kowace hanya da abin da aka aiko mata, dabam da na 'yar'uwarta. Wanda ke karɓar saƙon ya rarraba wa lasifikun, ya ƙara masa ƙarfi, shi ne akwatin da ake kira risiba.

To, ga inda gizo ke saƙa. Mutum zai sa faifan fim, ya ji jirgi ya wuce ta bisa kafaɗarsa, ya tabbata kayansa lafiya lau. Ya kunna gem da waya ɗaya, da risiba ɗaya, sai sauti ya koma gaba kurum. Sai ya zargi mai shago, ko ya zargi kwamfuta. Laifin kuwa yawanci na wayar haske ne, 'yar siririyar nan mai fitar da jan haske a bakinta, wadda kamfanin Toshiba ya fito da ita cikin 1983, a zamanin da ba a bukatar fiye da hanya biyu.

Mu ɗauki wannan waya kamar ƙofar gari irin ta da, a ce Ƙofar Guga ko Ƙofar Marusa kafin a faɗaɗa hanyoyi, wadda jaki biyu kaɗai ke iya shiga a jere. Sauti ɗanye, wanda ba a matse ba, shi ake rubuta wa PCM, kuma hanya biyu tasa kaɗai ƙofar ke ɗauka. In ana son kayan jaki shida su wuce, tilas a ɗaure su tamau, a mai da su kayan jaki biyu, in an shiga gari a kwance. Wannan ɗauri shi ne Dolby Digital, shi ne DTS, risiba kuma ita ce mai kwancewa. Fim tun daga kamfani aka ɗaure sautinsa, domin an san abin da zai faru a minti na arba'in tun kafin a buga faifan. Gem kuwa ba haka yake ba. Ba wanda ya san ko mai wasa zai juya hagu ko dama, saboda haka nan take kwamfuta ke haɗa sautin, ɗanye, hanya shida. In ya iso bakin ƙofa babu mai ɗauri, sai biyu su wuce, huɗu su tsaya a waje.

Mai ɗaurin nan take akwai shi, ana kiransa Dolby Digital Live ko DTS Connect, amma na kuɗi ne. Sai kamfanin da ya ƙera katin sautin kwamfutar ya biya lasisi kafin a same shi, kuma da yawa ba su biya ba. Na'urar Xbox ta farko, ta 2001, da nata mai ɗaurin ta zo. PlayStation 2 ta 2000, wadda da yawa daga cikinmu da ita muka koyi wasa, tana da kafar wayar haske, amma galibin wasanninta hanya biyu suke fitarwa, wasu da wata dabara mai suna Pro Logic II, wadda ke ɓoye alamar hanyoyin baya cikin biyun nan don risiba ta tsamo su. Dabara ce mai kyau a zamaninta, sai dai ba ta kai hanya shida na gaskiya ba.

Babbar ƙofa ita ce HDMI, wadda aka fitar da ƙa'idarta a ƙarshen 2002. Tana ɗaukar hanya takwas ɗanye, ba ɗauri ba kwancewa. Shi ya sa PlayStation 5 da Xbox Series X, duka na 2020, ba su ma zo da kafar wayar haske ba. Saboda haka shawararmu ta farko ita ce, waya ta tashi daga kwamfuta ta shiga risiba, wata ta tashi daga risiba ta shiga talabijin. Jerin nan yana da muhimmanci ƙwarai. Da yawa sukan kai wayar talabijin tukuna, sa'an nan su jawo sauti daga bayansa zuwa risiba. Kwamfuta kuwa takan tambayi abin da aka haɗa ta da shi hanya nawa yake iya karɓa, talabijin da yawa kuma sukan amsa da cewa biyu, domin lasifika biyu gare su. Daga nan magana ta ƙare. Ko kafar nan da aka rubuta wa ARC, wadda ta zo cikin 2009 don mai da sauti daga talabijin zuwa risiba, faɗinta ɗaya da wayar haske. Sai ƙanwarta eARC, ta 2017, ita ce ke wucewa da hanya shida ko takwas ɗanye, in talabijin da risiba duka suna da ita. Ita ce kuma mafita ga wanda risibarsa ba ta iya wucewa da hoton da ya kai ingancin talabijin ɗinsa. Wani aibin biyowa ta talabijin shi ne jinkiri. A fim ana iya jinkirta hoto ya jira sauti, a gem kuwa in ƙarar harbi ta iso bayan an harbe mutum, ta zama ihu bayan hari.

Akwai kuma tsohuwar hanya da ake rainawa. A bayan kwamfutar tebur da yawa akwai ramuka masu launi: kore na gaba, baƙi na baya, ruwan lemo na tsakiya da wufa. In risiba na da kafofi shida na karɓa, wayoyi uku masu araha sun isa, kuma ba jinkiri ko kaɗan.

Bayan waya sai saiti, kuma wuri uku ne. A cikin Windows sai an shiga wajen tsara lasifika an zaɓi 5.1, domin ba kullum take zaɓa da kanta ba. A cikin gem ɗin kansa sai an duba, kada ya kasance an bar shi a kan sitiriyo ko abin sawa a kunne. A jikin risiba kuma sai a kauce wa maɓallin nan da ke watsa sitiriyo ga dukkan lasifiku, wanda masu shago ke so domin yana cika kasuwa da ƙara. Gwajin gaskiya ɗaya ne. A wajen tsara lasifikun nan na Windows akwai maɓallin gwaji, wanda ke buga ƙararrawa a kowace lasifika ɗaya bayan ɗaya. In ta baya ta hagu ta yi ƙara ita kaɗai sauran na shiru, an dace. In shiru ta yi, ko kuwa ƙarar ta fito daga gaba, to, har yanzu jaki biyu ne ke wucewa.

Yanzu sai kasuwa. Ko a babbar kasuwar Katsina mutum zai saya, ko ya tafi Sabon Gari a Kano, ko ya aika Alaba a Ikko, kada ya ƙirga lasifiku, ya juya akwatin ya dubi bayansa. In kafofin shiga ja da fari ne kaɗai, sai Bluetooth, to, hanya biyu ce komi yawan lasifikun da ke cikin kwali, domin Bluetooth ɗin da aka saba ba ya ɗaukar fiye da sitiriyo, ga shi kuma da jinkiri. Waɗansu masu cin faifan DVD sukan ba da hanya shida daga nasu faifan kaɗai, abin da ya shigo daga waje kuwa biyu. Wanda ke da kwamfutar tafi-da-gidanka ya ɗauke ta ya je da ita, da wayar HDMI, ya yi gwajin ƙararrawa a gaban mai shago. Mai kayan kirki ba zai hana ba. Saye ba gwaji kuwa cinikin biri a sama ne.

Haka nan kada manyan lambobin jikin kwali su ruɗe mu. Za a ga an rubuta wat dubu biyar da haruffan PMPO a gefe. Ɗaliban kimiyya da ke nan sun san na'ura ba ta fitar da ƙarfin da ya wuce wanda ta sha. A duba 'yar takardar da ke kusa da wayar wuta, inda aka rubuta abin da take ci. In wat ɗari take ci, daga ina dubu biyar za su fito? Da gaskiya ne, ai ƙaramin janaretan da muke kunna ta da shi ba zai ko motsa ta ba. Fankan-fankan ba shi ne kilishi ba. A wannan takarda kuma mai sayen gwanjo zai duba ƙarfin wutar da take so. Tamu bolt 230 ce, ta Amurka 120, kuma risibar da aka ƙera don Amurka in aka soka ta a bango ba na'urar rage wuta, hayaƙi ne zai biyo baya. In an kauce wa wannan, tsohuwar risiba mai HDMI ta hannu sau da yawa ta fi sabon akwati mai walƙiya amfani.

Jera lasifiku ma da ƙa'idarsa, kuma kyauta ne. Abin takaici, a ɗakuna da yawa sai a tarar an tara su duka a kan kanta kusa da talabijin, don gudun jan waya ko don ado. Ta tsakiya a ƙarƙashin allo take zama. Ta hagu da ta dama su karkata wajen digiri 30 daga tsakiya. Biyun baya kuwa a gefen mai zama, sun ɗan wuce kafaɗarsa, tsakanin digiri 100 da 120, daidai kunne ko sama kaɗan. Wufa ba ta da zaɓi sosai, domin kunne ba ya iya gane inda rugugi ke fitowa. Wannan tsari don kujera guda aka yi shi. A gidan gem, inda talabijin biyar ke jere a shago ɗaya kowa da wasansa, ba shi da wani amfani, abin sawa a kunne ya fi dacewa, tun da na'urorin yanzu na iya kwaikwayon tazarar nan da raunin nan da muka ambata su aika wa kowane kunne nasa.

Saura ƙarfin murya. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce baligi na iya jure desibel 80 har awa 40 a mako, kuma duk ƙarin desibel 3 yana raba lokacin biyu, watau a desibel 89 awa 5 kaɗai suka rage masa a mako. Cikin 2025 ta fitar da ƙa'ida ta musamman domin wasannin bidiyo. Jin da ƙara ta lalata ba ya dawowa, kuma alamarsa ta farko ita ce kunne ya riƙa kuwwa bayan an kashe na'ura. Daɗin daɗawa, rugugin wufa na ratsa bango fiye da kowane sauti, kuma galibinmu a gidan haya muke ko ɗakin kwanan ɗalibai, bango ɗaya da mai jariri ko mai jarrabawa gobe. Risiba da yawa na da saitin dare, wanda ke danne ƙarar fashewa ya ɗaga ƙananan sautuka. Mai neman jin takun abokin gaba ma shi ya fi yi masa amfani, domin a cikin ƙananan sautukan nan takun yake.

Shugaba, an kawo risiba da kwamfuta an ajiye a bayan ɗakin nan. Wanda ke son ya ji bambancin hanya biyu da hanya shida da kunnensa, sai ya tsaya bayan tambayoyi mu yi gwajin ƙararrawa tare.