Zubaida da Ruwan Alhazai

Yau hirarmu za ta kai mu Bagadaza, fadar Halifa Haruna Rashid, wanda ya yi mulki daga 786 zuwa 809 Miladiyya. Zancen uwargidansa Zubaida za mu yi.

Zubaida jikar Halifa Mansur ce. A cikin fada take zaune, amma tana da gonaki da kadarori nata na kanta, da wakilai da magatakarda masu kula mata da su. Dukiyarta ce, ba ta maigida ba, kamar yadda shari'a ta ba mace.

To, da ta je aikin Hajji sai ta tarar alhazai na fama da ƙishirwa, ruwa ya yi tsada ƙwarai. Sai ta sa magina suka jawo ruwa daga duwatsun wajen Ɗa'ifa har zuwa Arfa. Wannan shi ne Ainu Zubaida, wanda alhazai suka sha fiye da shekara dubu. Ta kuma sa aka haƙa rijiyoyi da tafkuna, aka gina masaukai a hanyar Kufa zuwa Makka, tafiyar wajen kilomita 1,400. Ta rasu a 831, amma har yau da sunanta ake kiran hanyar.

'Yar'uwa, ke ma mai ƙuli-ƙuli ko ɗinkin hula a cikin gida, ki san lissafin jarinki, ki kuma san wanda kike aika. Sai mako mai zuwa in Allah ya kai mu. A huta lafiya.