FENTI BA ADO BA NE: YADDA ZA MU KULA DA MOTAR DA MUKA BA MAKARANTARMU

(Jawabin da ɗaya daga cikin 'yan Kwamitin Ayyuka ya gabatar a taron shekara-shekara na Ƙungiyar Tsofaffin Ɗalibai, ranar da aka miƙa wa makaranta makullin mota)





Da farko ina neman afuwar malamanmu, domin ba ƙaramin nauyi ba ne yaron da kuka sha kamawa yana gyangyaɗi a aji ya tsaya yau a gabanku yana bayani. Kwamiti ne ya ɗora mini, kuma dalilinsa shi ne a ma'aikatar da nake aiki an taɓa sa ni cikin masu tantance motocin da suka tashi daga aiki kafin a yi gwanjonsu. Abin da na gani a can shi nake so in faɗa muku kafin Baba Direba ya karɓi makullin wannan farar Hilux da muka haɗa kuɗi muka saya.

Duk wanda ya yi zamani da ni zai tuna tsohuwar akori-kurar makaranta, wato Fijo 504, irin waɗanda aka riƙa haɗawa a kamfanin Fijo na Kaduna da ya fara aiki a 1975. Ita ke kawo buhunan masara da itacen girki, ita ke kai mara lafiya asibiti cikin dare, ita ke ɗauko takardun jarrabawa. Ɗazu da safe na zaga bayan ɗakin koyon sana'a na tarar da ita a kan duwatsu, ciyawa ta fito ta tsakiyar bodinta. Na tambaya, aka ce mini har ranar da aka ajiye ta injinta yana tashi. Tsatsa ce ta cinye ta. Haka kuma na tarar a wurin aiki: motoci da dama da muka rubuta wa gwanjo injinsu da sauran ƙarfi, amma jikin ya ruɓe har mutum yana iya hango ƙasa ta inda yake ajiye ƙafa.

Saboda haka maganata guda ɗaya ce. Fentin mota ba kwalliya ba ne, garkuwar ƙarfe ne daga ruwa da iska. Hausawa sun ce sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga, to haka tsatsa take da fenti.

Yadda fenti yake

Galibin motocin zamani ana yi musu shafe hawa huɗu. Akwai na farko mai hana tsatsa wanda ke manne da ƙarfe, sai na share fage, sai mai launi, sannan na sama wanda ba shi da launi, garai yake kamar gilashi, shi ne ke ba mota sheƙi yana kuma tare zafin rana. Abin mamaki, duka huɗun in an haɗa su kaurinsu bai wuce na takardar littafin rubutu ɗaya ko biyu ba. Wannan ɗan siririn abu shi ne kaɗai tsakanin kuɗinmu da tsatsa, kuma duk abin da aka kankare daga cikinsa ba ya tofowa.

Ƙurar hunturu

Babban abokin gaba a ƙasarmu shi ne ƙura. Hazon da ke rufe mu daga wajen Nuwamba zuwa Maris iska ce ke kwaso shi daga Sahara, kuma kaso mai yawa daga kwarin Bodele yake tasowa, a arewacin Chadi, inda a zamanin da ruwan babban tafki ya kwanta. A ido kamar gari yake, amma a cikinsa akwai ɓarɓashin yashi wanda ya fi fenti tauri nesa ba kusa ba.

To me muka saba yi? Da sassafe direba ko yaron gida ya ɗauko busasshen tsumma ya hau karkaɗe mota yana gogewa, mai mota kuma yana jin daɗi wai ana kula masa da ita. Wallahi wannan da goga samfefa duk ɗaya ne. Ni kaina na yi wa motata ta farko haka har tsawon hunturu biyu, sai wata rana da hantsi na dubi bonet na ga zane-zane kamar saƙar gizo-gizo. Wanda bai yarda ba ya fita bayan taro ya dubi kowace baƙar mota a cikin rana. Ƙa'idar ita ce kada a taɓa jikin mota mai ƙura sai an fara kwarara mata ruwa. Idan babu ruwa, a bar ta da ƙurarta, a wanke gilashi da fitilu kawai.

Yadda ake wanki

Ba a wanke mota cikin rana, ko lokacin da jikinta ke da zafi. Ruwan rijiya da na burtsatse yana ɗauke da gishiri-gishirin ƙasa, in ya bushe a kan fenti mai zafi sai ya bar tabo fari-fari mai wuyar fita. A yi wankin da safe ko da yamma, a inuwa.

A tanadi bokiti biyu, ɗaya na ruwan sabulu, ɗaya na ruwa zalla. Duk lokacin da aka goga tsumma a jikin mota, sai a ɗauraye shi a ruwa zalla kafin a mayar da shi cikin na sabulu, don yashin da ya kwaso ya zauna a can. A fara daga rufi a gangaro ƙasa, domin dattin ya fi yawa a ƙasa. Tsumma ya zama mai laushi, kuma in ya faɗi ƙasa kada a ci gaba da shi sai an wanke shi sosai. Da an ɗauraye motar a tsane ta da wani tsumman mai tsabta.

Sai batun sabulu. Garin sabulun wankin tufafi an yi shi ne don ya narkar da maiƙo, saboda haka yana kwashe kakin da aka shafa wa mota, yana kuma sa robobin gefen gilashi su bushe su koɗe. Akwai sabulun ruwa na wankin mota a shagunan kayan gyara, kuma ɗan kaɗan ake zubawa a bokiti.

Kaki da folish

Mutane suna haɗa waɗannan biyu, alhali aikinsu daban ne. Folish cin fenti yake yi kaɗan-kaɗan don ya daidaita zane, saboda haka ba abin yi kullum ba ne. Shi kuwa kaki rufe fenti yake yi. A shafa shi kamar kowane wata 3, musamman gab da damina da gab da hunturu. Gane ko yana nan ba wuya: a watsa ruwa a bonet, in ya dunƙule ƙwaya-ƙwaya yana gangarewa to da saura, in ya baje ya kwanta to lokaci ya yi. Yanzu akwai wani shafe da ake kira siramik wanda ke daɗewa fiye da kaki, amma yana da tsada, kuma shi ma ba ya hana busasshen tsumma yin ɓarna.

Wili da taya

A ware wa ƙafafu nasu bokiti da nasu buroshi, kada tsumman da ya taɓa wili ya koma jikin mota. Baƙin garin da ke taruwa a wilin gaba ba datti ba ne kawai, ɓarɓashin ƙarfe ne da birki ke zubarwa, in ya daɗe sai ya kama ya fara cin wilin. A bari ya huce kafin a zuba masa ruwa, kuma a guji ruwan asid da wasu masu wankin mota ke amfani da shi don ya fita da sauri.

Akwai wata al'ada da nake roƙon a kashe ta, wato shafa wa taya baƙin mai ko man birki don ta yi ƙyalli. Baƙin mai yana lalata roba, man birki kuwa in ya ɗiga a fenti saɓule shi yake yi. Ruwa da sabulu sun wadatar. Da damina kuma, bayan kowace tafiya a hanyar ƙauye, a sa ruwa a fitar da taɓon da ke maƙalewa a kogon saman taya da ƙarƙashin mota, domin taɓo riƙe danshi yake yi, kuma daga nan ruɓa ke farawa inda ido ba ya gani.

Bayan mota

A nan ne akori-kura ta bambanta da sauran motoci, kuma a nan tsohuwarmu ta mutu. Takin zamani, da gishiri, da siminti, da fitsarin dabbobi, duk suna cin ƙarfe, balle in sun haɗu da ruwa. Makarantarmu tana da gona, kuma Babbar Salla ba ta wucewa ba a ɗauko raguna ba. A shimfiɗa tamfol ko tabarmar roba kafin a yi lodi, a kuma wanke bayan a ranar da aka sauke kaya, ba washegari ba. A riƙa ɗaga shimfiɗar ana shanya ƙarƙashinta. Inda tsakuwa ko bakin shebur ya ɓantare fenti har ƙarfe ya bayyana, a ɗiga masa fenti tun yana kamar ƙwayar gero.

Wurin ajiya

Na san kowa zai ce a kai ta ƙarƙashin darbejiyar gaban ofis. Inuwar tana da daɗi, amma a can tsuntsaye ke kwana, kuma kashin tsuntsu yana da asid wanda cikin zafin rana yake huda fenti ya bar tabo. In ya zuba a jiƙa shi da ruwa a ɗauke nan take, kada a kankare. Abin da ya fi shi ne rumfar kwano.

Roƙona

'Yan'uwa, a wurin aiki na lura da cewa motar da ake kira ta gwamnati, ko ta jama'a, ita ce marainiya. Kowa yana hawa, babu mai wankewa. Mun iya sayen abu a yi biki a ɗauki hoto, amma ba mu cika waiwayarsa ba. Wannan motar kuwa akwai wanda ya ba da dubu ɗari a cikinta, akwai kuma ɗan'uwanmu da ya ba da dubu biyu alhali yana da buƙatarsu a gida. Amana ce.

Don haka ina gabatar wa wannan taro shawara uku. Na ɗaya, kafin mu watse a yi karo-karon kafa rumfa. Na biyu, Ma'aji ya ware wani abu kowane zangon karatu don sabulu, kaki, bokiti da tsumma, a damƙa wa Baba Direba kai tsaye, kada a bar shi yana cirewa daga aljihunsa. Na uku, a ajiye littafi a cikin motar da za a riƙa rubuta ranar wanki da ranar shafa kaki, Kwamitin Ayyuka ya duba shi a kowane taro.

Malamanmu, ku ne kuka riƙa jera mu kowace Asabar kuna duba farce da kwala da ƙarƙashin gado. A lokacin muna ganin takura ce. Ina roƙon Shugaban Makaranta ya sa wannan motar cikin layin dubawa, ya kuma bari ɗalibai su riƙa taya Baba Direba wanki bi da bi, don su tashi sun san yadda ake riƙon kayan jama'a.

Allah ya sa wa motar albarka, ya tsare masu hawanta, ya jiƙan malamanmu da 'yan'uwanmu da suka riga mu gidan gaskiya.