Jawabin Tunawa da Marigayi Baba Akanta a Ranar Aza Harsashin Masallaci

Godiya ta tabbata ga Allah Maɗaukakin Sarki, wanda ya nufe mu da ganin wannan rana. Tsira da aminci su ƙara tabbata ga fiyayyen halitta, Annabi Muhammadu, da alayensa da sahabbansa baki ɗaya.

Mai Girma Hakimi, ranka ya daɗe. Allah gafarta Malam Liman da Na'ibinsa. Malamanmu, dagatai da masu unguwanni, iyayenmu maza da mata, da dukkan waɗanda suka miƙo hannu a kan wannan aiki, assalamu alaikum.

Bayan haka, Malam Liman ya umurce mu, mu da ke riƙe masa alƙalami, kafin a aza tubalin farko mu tuna da bawan Allah wanda ya ba da filin nan wakafi, Allah bai nufe shi da ganin yau ba. Wannan kuwa shi ne dattijon da babba da yaro ke kira Baba Akanta, har laƙabin ya rufe sunansa na yanka. Allah ya jiƙansa.

Marigayi ya sauke Alƙur'ani a makarantar allo, sa'an nan ya yi elementare da midil. Ya kama aiki a Baitulmalin En'e yana ƙaramin akawu, tun Nijeriya ba ta sami mulkin kai ba a 1960. A wancan zamani lissafi ba wasa ba ne, gama kwabo 12 ne sule ɗaya, sule 20 kuma fam ɗaya, ga sisi da taro da ɗari da anini, kowanne da gurbinsa. Kuɗin haraji da jangali su kan shigo daga gundumomi cikin jakunkuna, a ƙirga a gaban Ma'aji, a rubuta da tawada. Babu injin lissafi, sai kai da alƙalami. In an sami giɓin sisi, ba mai tashi sai an gano inda ya shiga.

Yana nan a kan kujerarsa aka canja kuɗi ran 1 ga Janairu, 1973, fam ɗaya ya zama naira 2, sule ya koma kwabo 10. Manyanmu sun ba mu labari cewa a watannin nan zaurensa ya zama makaranta, tsofaffi da mata masu sana'ar cikin gida suna aiko yara ya yi musu lissafin canji, don kada a cuce su a kasuwa. Da aka yi gyaran ƙananan hukumomi a 1976, aka rushe tsarin En'e, sai aka mayar da shi ma'ajin Ƙaramar Hukuma, inda ya kai matsayin babban akanta. A nan ya yi ritaya. Masu binciken kuɗi sun sha zuwa sun koma, ba su taɓa kama alƙalaminsa da kwabo ba. Ya bar aiki da gida ɗaya na ƙasa, da keke, da mutuncinsa.

Amma fa mu 'yan baya a matsayin kaka muka fi saninsa. Da asuba shi ke tashin jikokinsa salla, da hantsi ya raka ƙananan makaranta, da dare ya baje tsofaffin sulalla a kan tabarma yana koya musu tarawa da ɗebewa. Sa'ad da surukinsa ya rasu ya bar marayu, shi ya ɗauke su. Ya buɗe wa kowannensu shafi dabam a littafi, ya rubuta gadonsa, ya ci gaba da ciyar da su daga fanshonsa. Duk wanda ya kai munzali sai ya kira shaidu biyu, ya karanta masa shafinsa, ya damƙa masa haƙƙinsa cif. Waɗannan marayu suna zaune a cikinku yau, sun zama magidanta.

Jama'a, wannan hali ba daga ofis kaɗai ya samo shi ba. Malamai sun sanar da mu cewa ayar da ta fi kowace tsawo a Alƙur'ani, watau aya ta 282 cikin Suratul Baƙara, a kan rubuta bashi da kafa shaidu ta sauka. Haka kuma littattafan tarihi sun nuna cewa lokacin da Manzon Allah ya yi hijira zuwa Madina a shekara ta 622 Miladiyya, filin da aka gina Masallacinsa na marayu biyu ne. Sun so su ba shi kyauta, ya ƙi, sai da aka biya su. Ashe tun daga tushe, ɗakin Allah ba ya zama a kan haƙƙin wani.

A kan wannan tafarki Marigayi ya bi da filin nan. Da kuɗin sallamarsa ya saye shi. Da ya ƙudurta ba da shi, sai ya tara 'ya'yansa da jikokinsa a gaban Malam Liman da Mai Unguwa, aka auna iyaka, aka rubuta takarda, kowa ya sa hannu, don kada wata rana wani ya ce gado ne.

To, ga abin da ya sa muka tsawaita. Kowa a nan ya san masallatan da aka fara da murna, suka kai linta suka tsaya, ciyawa ta cinye yashi, rodi ya yi tsatsa. Sau da yawa ba rashin masu bayarwa ba ne, rashin lissafi ne. In zargi ya shiga, hannu ya kan koma aljihu, kuma da wuya ya sake fitowa. Saboda haka kwamitin gini ya ɗauki alkawari a gabanku, zai bi ƙa'idojin da Marigayi ya bari. Na farko, duk abin da aka kawo, ko naira ko buhun siminti ko yinin leburanci, za a rubuta a ba da rasit. Na biyu, ba za a fitar da kuɗi ba sai da sa hannun mutum biyu, kuma mai ajiya dabam, mai rubutu dabam. Na uku, ran Jumma'ar ƙarshen kowane wata za a karanta shiga da fita a bainar jama'a. Na huɗu, littafin yana zauren Malam Liman, duk mai son dubawa ya zo, ba a tambayarsa dalili. Wanda ya so a sakaya sunansa za a sakaya, amma adadin tilas ya shiga littafi.

Kada mai ƙaramin ƙarfi ya raina abin hannunsa. Da yayyafi kogi kan cika, kuma bulo ɗaya na tsohuwa mai sayar da ƙuli-ƙuli layi guda zai ci a littafi, daidai da tifar yashin attajiri.

Ya Allah ka gafarta wa Baba Akanta, ka haskaka makwancinsa, ka sauƙaƙa masa hisabi kamar yadda ya tsare lissafin bayinka. Ka sanya wannan fili ya zame masa sadaka mai gudana, ka albarkaci zuriyarsa. Ka saka wa duk wanda ya taimaka da mafificin alheri, ka ba mu ikon riƙon amana, ka nuna mana ranar da za a kira salla a wannan wuri. Allah ya ja zamanin Sarki, ya zaunar da ƙasarmu lafiya, amin.

Haza wasalamu.