Likitan da Ya Koma Lissafi: Jawabi a Taron Reshen Bakori

 

An umarce mu da mu yi magana a kan wani fanni mai nauyin suna, wato tattalin arzikin kiwon lafiya. Amma duk wanda ya taɓa kai masararsa kasuwar Bakori da kaka, lokacin da farashi ya faɗi warwas, don a yi wa maiɗakinsa aiki a Funtuwa ko Shika, ya riga ya zauna ajin farko na wannan fanni. Tambayoyinsa ba su da yawa: wa zai biya, yaushe zai biya, kuma a ina naira ɗaya za ta fi ceton rai? A Nijeriya amsar ta farko sananniya ce. Fiye da kashi 70 cikin 100 na abin da ake kashewa a kan lafiya daga aljihun majiyyaci da danginsa yake fita, a ranar da ciwo ya kwantar da shi.

Mutumin da za mu duba aikinsa shi ne Farfesa Muhammad Ali Pate, haifaffen Misau a 1968. Likita ne, ya fito daga Jami'ar Ahmadu Bello ta Zariya, ya yi aiki a Gambiya, ya ƙaro ilimi a Amurka da Ingila. A 2000 ya shiga Bankin Duniya, inda aikinsa ya tashi daga duba majiyyaci ɗaya ya koma duba yadda ƙasashe ke kasafta kuɗin lafiya. A 2008, zamanin marigayi Umaru Musa 'Yar'aduwa, aka damƙa masa Hukumar Kiwon Lafiya a Matakin Farko ta Ƙasa.

A shekarar nan yara 798 shan inna ta kama a Nijeriya. Ɗigon rigakafi yana nan, kuɗin sayensa yana nan, abin da ya yi ƙaranci shi ne yarda, tun bayan takaddamar 2003 da ta sa aka dakatar da rigakafin a Kano. Sai hukumar ta koma ga sarakuna, aka kafa kwamiti a ƙarƙashin inuwar Sarkin Musulmi Muhammadu Sa'ad Abubakar, magana ta sauko daga hakimi zuwa dagaci zuwa mai unguwa. A 2010 adadin ya dawo 21. Ya sake hawa zuwa 122 a 2012, kuma sai a 2020 aka tabbatar cutar ta asali ta ƙare a Afirka, amma mun ga abin da kalmar mai unguwa ke saya wanda tallar rediyo ba ta sayensa.

Shirin da ya fi dacewa mu tsaya a kansa shi ne na ungozomomi, wanda aka fara a 2009 da kuɗin da ƙasa ta samu bayan yafe bashi na 2005. An ɗauki ungozomomi kimanin 2,500, sababbin fita da waɗanda suka yi ritaya, aka tura su asibitocin karkara 652. Dabarar mai kyau ce: maimakon gina babban asibiti a birni, a kai ƙwararren hannu inda mata ke haihuwa. An raba nauyin gida uku. Gwamnatin tarayya za ta biya naira 30,000 a wata, jiha 20,000, ƙaramar hukuma 10,000 da wurin kwana. Tarayya ta riƙa biyan nata. Jihohi da ƙananan hukumomi da dama suka yi nawa, wasu ungozomomi suka tattara kayansu suka koma gida, kuma binciken da aka yi daga baya ya nuna ribar shirin ba ta kai yadda aka yi fata ba. Mun ga wasunku suna murmushi. Malamin firamare ba ya bukatar a yi masa bayanin abin da ke faruwa idan haƙƙinsa ya rataya a wuyan hukumomi uku, kowace tana nuna 'yar'uwarta. A ganinmu nan ne lissafin takarda ya gaza: an ƙirga ungozoma, an ƙirga kuɗi, ba a ƙirga ranar da mai alkawari zai ƙi cikawa ba.

Pate ya zama ƙaramin ministan lafiya a 2011, ya sauka a 2013 ya tafi koyarwa a Jami'ar Duke, ya koma Bankin Duniya a 2019. A 2023 ya ajiye shugabancin Gavi da aka ba shi, ya karɓi ma'aikatar lafiya a watan Agusta.

Abin da ke hannunsa yanzu da ya shafe mu kai tsaye shi ne Asusun Kiwon Lafiya na Matakin Farko. Dokar Lafiya ta 2014 ta ce a ware masa aƙalla kashi 1 cikin 100 na kuɗin shigar gwamnatin tarayya, amma bai shiga kasafi ba sai 2018. Shugabannin Afirka sun yi alkawarin kashi 15 na kasafi ga lafiya a Abuja tun 2001, gwamnatin tarayya ba ta taɓa kai wa nan ba. Sai dai asusun ya ɗauki darasi guda daga abin da ya gabata: wani kaso nasa yana shiga asusun bankin ƙaramin asibiti kai tsaye, kuma kwamitin raya mazaɓa yana da baki a yadda ake kashe shi.

To, wa ke zama a waɗannan kwamitoci a Guga, Kabomo, Tsiga, Kakumi da Jargaba? Wa ya iya karanta littafin shige da fice, ya gane an rubuta maganin zazzaɓin cizon sauro alhali kanta wayam take a tsakiyar damina, lokacin da ajinmu ke raguwa saboda yara na kwance? Mu ne muke koyar da tarawa da ɗebewa.

Don haka muna roƙon shugabannin reshe da a zaɓi malami ɗaya a kowace daga cikin mazaɓu 11 na Bakori, ya nemi izinin halartar zaman kwamitin, cikin ladabi, ba da niyyar tozarta ma'aikacin lafiya ba, domin shi ma ɗan albashi ne kamarmu. Ya rubuto mana nawa ya shigo, yaushe ya shigo, me aka saya. Sakatare ya haɗa rahotannin, a buga su a wannan mujalla kafin damina ta faɗi.