Hawa da Sauka a Rayuwar Ɗan Ƙwallo: Jawabi ga Ɗaliban Kura da Bunkure

Mun san wasu za su yi mamakin yadda aka bar zancen taki da ruwan rani da tsadar karatu aka ɗauko zancen tamaula. Amma duk wanda ya bi hanyar Zariya da la'asar sakaliya, ya ratsa Kura ko ya karkata zuwa Kadawa da Bunkure, zai ga kusan kowane filin makaranta cike da samari suna bin ƙwallo, wasunsu ma da taɓon fangali bai gama bushewa a ƙafafunsu ba. Waɗannan samari ƙannenmu ne, kuma da yawa daga cikinsu sun riga sun ƙudurta cewa ƙwallo ce za ta zama sana'arsu. Saboda haka ya zama wajibi a kanmu mu san yadda wannan sana'a take, domin mu faɗa musu gaskiyarta.

Abin da muke so mu nuna a yau shi ne, ƙannenmu suna kallon ƙwallo kamar tsani ne wanda ake hawa sau ɗaya a zauna a sama. Tarihin 'yan wasan da muka sani kuwa ya nuna cewa yawancin shekarun ɗan ƙwallo a hawa da sauka suke ƙarewa, kuma a ƙasarmu an tanadi hanyar hawa, ba a tanadi kome ba domin ranar sauka.

Bari mu fara da fasalin tsanin kansa. An soma gasar ƙwallo ta ƙasa baki ɗaya a 1972, sa'an nan aka mayar da ita ta ƙwararru a 1990. A can ƙoli akwai babbar gasa mai ƙungiyoyi 20, wadda ake kira NPFL. A ƙarƙashinta akwai rukuni na biyu, watau NNL, sai rukuni na uku, watau NLO, sa'an nan gasannin jihohi da na ƙananan hukumomi, har a gangaro kan ƙungiyar unguwa wadda 'yan wasanta ke yin karo-karo su sayi riga. A ƙarshen kowace kaka, ƙungiyoyin da suka zo ƙarshe a rukuninsu su faɗo ƙasa, waɗanda suka yi fice a ƙasa su haye. Ƙungiya kuwa idan ta faɗo, da 'yan wasanta take faɗowa: albashi ya ragu, 'yan kallo su watse, masu neman 'yan wasa su daina leƙowa.

Ba sai mun je nesa neman misali ba. Raccah Rovers ta Kano ta ci gasar ƙasa a 1978, amma yau sai a bakin dattawa ake jin sunanta. Kano Pillars, wadda aka kafa a 1990 ta hanyar haɗe WRECA da Golden Stars da Bank of the North, ta ci gasar a 2008 da 2012 da 2013 da 2014, kuma a 2009 ta fitar da Al Ahly ta Masar, ta kai wasan kusa da na ƙarshe a gasar zakarun Afirka. Duk da wannan tarihi, a 2022 Pillars ta faɗa rukuni na biyu, sai a 2023 ta komo. Idan ƙungiyar da gwamnatin jiha ke riƙe da ita, mai magoya baya cike da filin wasa na Ƙofar Mata, za ta iya faɗowa, to ina ga yaro ɗaya tilo wanda ba shi da kowa sai ƙafarsa?

A matakin ƙasa kuwa, ƙishin hawa kan kai mutane ga abin kunya. A watan Yulin 2013, a wasannin neman hayewa da aka buga a Bauchi, Plateau United Feeders ta ci Akurba 79 da nema, ita kuma Police Machine ta ci Babayaro 67 da nema, domin kowace na so ta fi 'yar'uwarta yawan ƙwallaye. Labarin ya zagaya duniya, hukumar ƙwallo ta ƙasa ta haramta wa 'yan wasan da abin ya shafa taka leda har iyakar rayuwarsu. Samari ne irin namu, waɗanda tafiyarsu ta ƙare tun kafin ta fara.

Yanzu mu dubi waɗanda suka haye. Ahmed Musa, haifaffen Jos, ya taso daga ƙananan ƙungiyoyi na garinsu, ya zo Pillars, ya ci ƙwallo 18 a kakar 2009 zuwa 2010, abin da ya sa ya fi kowa a gasar. Daga nan ya tafi VVV-Venlo ta Holan a 2010, sai CSKA ta Mosko a 2012, sai Leicester ta Ingila a 2016, a kan kuɗi kimanin fam miliyan 16. Wannan shi ne ɓangaren labarin da ƙannenmu suka haddace. Abin da ba su cika tunawa ba shi ne, a Leicester bai sami gurbi tabbatacce ba, har aka mayar da shi Mosko aro a 2018. Bayan ya rabu da Al-Nassr ta Saudiyya a ƙarshen 2020, mutumin da ya ci Ajantina biyu a gasar cin kofin duniya ta 2014, ya kuma ci Aisland biyu a ta 2018, ya yi watanni ba shi da ƙungiya, sai a Afrilun 2021 ya komo Pillars. Ya sake fita zuwa Turkiyya, ya sake komowa Kano a 2024. Shi Allah ya rufa masa asiri, domin ya sauko da abin hannunsa da mutuncinsa.

Labarin Umar Sadiq na Kaduna ya fi wannan karantarwa. Yana matashi ya shiga Roma ta Italiya, ya kuma ci lambar tagulla da Nijeriya a wasannin Olamfik na 2016. Sai dai Roma ta yi ta ba da shi aro: Bologna, Torino, NAC Breda, Rangers, Perugia, har Partizan ta Sabiya, watau ƙungiya 6 a ƙasa 4. A 2020 ya yarda ya sauka rukuni na biyu na Sifen, ya shiga Almeriya, ya ci ƙwallo 20 a kakarsa ta farko, ya taimaka ta haye babbar gasa a 2022. A shekarar nan Real Sociedad ta saye shi, amma bai yi wata guda ba jijiyar gwiwarsa ta tsinke, ya rasa sauran kakar gaba ɗaya. Saukar da ya yi da kansa ita ta gyara masa suna, hawan da ya biyo baya kuma rauni ya katse shi.

Haka Shehu Abdullahi na Sakkwato ya bar Pillars ya bi ta Kuwait da Fotugal da Saifurus da Turkiyya da Bulgeriya, kafin ya komo Pillars a 2023. Akwai kuma masu zama a gida, irin su Rabi'u Ali, wanda ake yi wa laƙabi da Pele, wanda ya yi fiye da shekara goma yana wa Pillars wasa har ya haura shekara 40. Amma zaman gida ma yana da nasa hatsarin. A watan Maris na 2015 'yan fashi suka buɗe wa motar Pillars wuta a hanyar Abuja zuwa Lokoja, suna kan tafiya wasa Owerri, aka raunata 'yan wasa 5, ciki har da Gambo Mohammed, wanda a lokacin yana cikin gwanayen cin ƙwallo na ƙasar nan.

To, waɗannan da muka ambata su ne 'yan ƙalilan da sunansu ya fito. A bayan kowane ɗayansu akwai ɗaruruwa da suka tsaya a rukuni na biyu ko na uku, suna bin bashin albashi, suna kwana a mota a hanyar zuwa wasa, har shekaru suka cim musu. Hausawa na cewa hangen Dala ba shiga birni ba ne, mu kuwa mutanen Kura mun fi kowa sanin wannan, tun da tazarar da ke tsakaninmu da birnin ba ta kai tafiyar sa'a guda a mota ba.

A nan muna roƙon ku ku yi haƙuri mu ƙetara teku na ɗan lokaci, domin mu ga yadda wasu suka tsara irin wannan hawa da sauka. A Kanada da Amurka ana yin wasan hoki, watau ƙwallon gora, a kan ƙanƙara. Babbar gasarsu, NHL, wadda aka kafa a 1917, tana da ƙungiyoyi 32, kuma kowace tana da ƙaramar ƙungiyar da ta ɗaure da ita a gasar AHL, a ƙarƙashin wannan kuma akwai ECHL. A can ƙungiya ba ta faɗowa, ɗan wasa ne ke hawa yana sauka, wani lokaci sau da yawa a kaka guda: yau a kira shi sama saboda wani ya ji rauni, jibi a mayar da shi. Tun da sun san haka abin yake, sai suka rubuta shi a yarjejeniya. Akwai kwantiragi mai fuska biyu, wanda ya fayyace albashin ɗan wasa idan yana sama da albashinsa idan yana ƙasa. A kakar 2024 zuwa 2025 mafi ƙarancin albashin sama dala 775,000 ne a shekara, na ƙasa kuwa ga sabon shiga yakan kusanci kashi ɗaya cikin goma na wannan. Bambancin yana da yawa, amma mutum ya san shi tun ranar da ya sa hannu.

Bugu da ƙari, idan ɗan wasa ya daɗe, ba a saukar da shi sai an ba sauran manyan ƙungiyoyi sa'a 24 ko wata za ta ɗauke shi. 'Yan wasan ƙananan gasanni suna da ƙungiyar ƙwadago tasu tun 1967. Abin da ya fi shafarmu mu ɗalibai kuwa shi ne, a manyan gasannin matasa na Kanada, duk shekarar da yaro ya buga ana ajiye masa kuɗin karatun shekara guda a jami'a, ko da bai haye ba. Ba mu kawo wannan don mu ce mu yi gasar dala da su ba. Rubuta yarjejeniya da haɗa wasa da karatu ba su bukatar arzikin Amurka.

Ya 'yan'uwa, mu da muka tashi a ƙasar noman rani mun san tsari irin wannan a gonakinmu. Tun da aka gama madatsar ruwa ta Tiga a 1974, iyayenmu suka koyi cewa ba a watsa irin shinkafa ko na tumatir a bar shi ga sa'a. Ana rainonsa a ɗan fangali, sai ya yi ƙwari a cire a dasa, kuma ba kowane dashe ke kamawa ba, shi ya sa manomi ba ya zuba dukan jarinsa a amfani guda. Amma sai ga shi gidan da ba zai yi wannan ganganci da gona ba ya yi shi da ɗa. Mun san gidajen da aka jinginar da gonar rani aka ba wani dillali kuɗi don ya kai yaro gwaji Turai, aka wayi gari ba yaro a Turai, ba gona a Kura. Mun kuma san abokan karatunmu na firamare da suka bar aji saboda an ce musu ƙafarsu ta fi alƙalami, yau suna neman aikin lebura a injinan casar shinkafa da gwiwar da ba ta ɗaukar buhu.

Saboda haka muna ba da shawara guda huɗu, kuma dukansu suna cikin ikonmu.

Na farko, mu da muka iya karatu mu zama masu karanta wa ƙannenmu takarda. Kada yaro ya sa hannu a kan abin da bai fahimta ba, kada kuma ya buga wa ƙungiya wasa a kan alkawarin baki. A tambaya: nawa ne albashi, yaushe ake biya, wa zai biya magani idan an ji rauni, me zai faru idan ƙungiya ta faɗo?

Na biyu, mu sanar da iyaye cewa dokar hukumar FIFA ta hana a sayar da yaro zuwa wata ƙasa kafin ya cika shekara 18, in ban da wasu 'yan togaciya da ba su cika shafar irin yaranmu ba. Duk wanda ya zo neman kuɗi da sunan zai fitar da ɗan shekara 15, a nemi shawara kafin a taɓa gona.

Na uku, mu taimaki ƙungiyoyin garuruwanmu su yi rajista da hukumar ƙwallo ta jiha, su kuma riƙa rubuta sunayen yaransu. Dokar FIFA ta ware kashi 5 cikin 100 na kuɗin cinikin ɗan wasa tsakanin ƙasashe domin ƙungiyoyin da suka raine shi daga shekara 12 zuwa 23. Ƙungiyar da ba ta da rajista ba ta da hujjar neman ko kwabo, ko da ita ta saya masa takalminsa na farko.

Na huɗu, wanda shi ne mafi girma, kada mu yarda a sa yaro ya zaɓa tsakanin ƙwallo da makaranta. Mu roƙi masu horar da yara a Kura da Bunkure da Garun Malam su kafa sharaɗi cewa wanda bai je aji da safe ba ba zai taɓa ƙwallo da yamma ba. Ɗan ƙwallo, ko ya yi sa'a ƙwarai, ba safai yake wuce shekara 35 a fili ba, kuma sauran rayuwar da ke gabansa takan fi wadda ya yi a wasa tsawo. Ba a fafe gora ranar tafiya.

Ba mu zo nan don mu kashe wa kowa gwiwa ba. Muna fata wata rana mu ji an kira sunan ɗan Kura ko ɗan Bunkure a cikin 'yan wasan Nijeriya, mu yi murna tare da ku. Abin da muke nema kawai shi ne, a ranar da ya komo gida, ko daga Turai ko daga rukuni na uku, ya tarar da gonar gidansu tana nan, da takardar shaidar karatunsa a akwati.

Allah ya yi mana jagora, ya albarkaci ƙannenmu, amin.